Shakazobar bayan tsohon babur: Abin da ya kamata mai mashin ya sani kafin ya sauya ta

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Daura, daidai inda ya ratsa garin Kazaure, a safiyar ranar kasuwa, zai ga irin hidimar da babur ke yi wa mutanen wannan yanki. Wani ya taso daga ƙauyukan Roni da buhun gero a bayansa, wani ya fito daga Gwiwa da awaki biyu cikin kwando, wani kuma ya goyo iyalinsa za su asibiti. Haka abin yake a Babura, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda babur ke shiga lungunan da mota ba ta iya zuwa. A waɗannan ƙananan hukumomi na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, babur shi ne jakin zamani, shi ne motar ɗaukar marar lafiya, kuma shi ne jarin matasa 'yan acaɓa.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, sabon babur ya yi tsadar da ta fi ƙarfin talaka. Saboda haka mutane da yawa suka koma lallaɓa tsohon da ke hannunsu. Sai dai idan an zo gyara, hankali ya fi karkata ga inji da taya da sarƙa, a manta da ƙarafan nan biyu da ke tsaye a gefen tayar baya, waɗanda kanikawa ke kira shakazoba. Alhali kuwa su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin da ake ɗora wa babur, kuma mutuwarsu kan jawo hasarar da ta wuce kuɗin sayensu.

Ayyuka biyu a cikin ƙarfe ɗaya

Abin da ido ke gani a shakazoba shi ne murɗaɗɗen ƙarfen da ake kira sifirin. Aikinsa shi ne ɗaukar nauyi: idan taya ta hau dutse sai ya lanƙwashe, idan ta faɗa rami sai ya miƙe. Amma sifirin shi kaɗai ba ya da linzami. Idan aka danne shi aka sake, zai yi ta tsalle sama da ƙasa har sai ƙarfinsa ya ƙare.

Linzamin yana cikin bututun da sifirin ya kewaye. A cikinsa akwai mai da kuma fistin mai ƙananan huduji, wanda ke haɗe da wata siririyar sanda mai sheƙi. Duk sa'ad da babur ya yi ƙasa ko ya yi sama, sai fistin ya tilasta wa man nan bi ta hudujin. Da yake mai ba ya wucewa da sauri ta ƙaramar kafa, sai motsin ya yi sanyi, ƙarfin girgizar kuma ya koma zafi ya fita ta jikin bututun. Wannan ne dalilin da ya sa shakazoba mai rai takan yi ɗumi bayan doguwar tafiya a kan hanya mai gargada.

Babban amfanin wannan haɗi shi ne riƙe taya a ƙasa. Tayar da ke tsalle, a daidai lokacin da ta rabu da ƙasa, birki ba ya kama ta, ba ta tura babur gaba, kuma ba ta riƙe shi a kwana. Jin daɗin zama yana zuwa ne a bayan wannan.

Yadda aka zo nan

Baburan farko ba su da komai a baya. Tayar a haɗe take da firam kai-tsaye kamar ta keke, sifirin ɗin ƙarƙashin sirdi kaɗai ke rage wa mahayi wuya. Sai a shekarun 1950 tsarin da muka sani yau ya zama ruwan dare, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe tayar baya yana lilo sama da ƙasa, da shakazoba ɗaya a kowane gefe. A 1973 kamfanin Yamaha na Japan ya ci gasar duniya ta tseren babura a kan turɓaya da babur mai shakazoba ɗaya tal, bisa ƙirar wani injiniya ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Lucien Tilkens, kuma daga nan manyan babura suka rungumi wannan tsari.

Baburan aiki dai sun tsaya a kan guda biyu, domin sun fi arha, sun fi sauƙin sauyawa. Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975 musamman domin ƙasashe masu tasowa, da irin wannan tsari ya zo, kuma da yawa daga cikin baburan China da suka cika kasuwanninmu a shekarun 2000 sun kwaikwayi ƙirarsa. Haka ma Bajaj Boxer na Indiya, wanda a yau ya mamaye hanyoyin karkara. A samfuransa na baya-bayan nan kamfanin yana sa ƙaramin sifirin a cikin babba, tsarin da ya sa wa suna SNS, domin ƙaramin ya taimaka idan nauyi ya yi yawa.

Abin da ƙasar Kazaure ke yi wa shakazoba

Yankin nan ya haɗa abokan gaba huɗu na shakazoba. Na farko shi ne hanya. A wajen Roni da kewayen Kazaure akwai duwatsu da tsakuwa, inda taya ke shan duka ɗaya bayan ɗaya. A wajen Babura kuwa rairayi ne ya fi yawa, inda babur ke lilo, mahayi na kokawa da shi. Da damina ruwa kan yanka hanyoyin ƙauye ya bar zaizaya, da rani kuma sawun amalanke da na shanu ya bushe ya zama gargada.

Na biyu shi ne ƙura. Da hunturu takan manne a jikin sandar nan mai sheƙi, kuma duk shiga da fitar da sandar ke yi sai ta goge robar da ke tare mai, kamar ana goga mata sanfefa. Da zarar robar ta cinye, mai ya fara tsiyaya. Na uku shi ne zafi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura maki 40, man cikin bututun yakan tsinke, ya riƙa wucewa ta hudujin ba tare da turjiya ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ɓarna, shi ne lodi. Ƙaramin babur an ƙera shi ne domin mutum biyu da 'yan kaya kaɗan. Buhun hatsi kuwa yakan kai kilo 100, jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, huɗu daga cikinta sun yi daidai da buhu guda.

Lissafin da ke bayan lodi

Tun a 1678 masanin kimiyyar Ingila Robert Hooke ya bayyana cewa sifirin yana lanƙwashewa ne daidai gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. A misali, a ɗauka kowane sifirin yana yin ƙasa da santimita 1 idan aka ɗora masa kilo 20. Guda biyu ke nan suna buƙatar kilo 40 kafin su sauka santimita 1. A ɗauka kuma iyakar tafiyar shakazobar santimita 9 ce. Idan nauyin babur da na mahayi da ya faɗa wa baya ya kai kilo 120, an cinye santimita 3, saura 6 domin ramukan hanya. Wannan shi ne daidai.

To, sai a ɗora buhu mai kilo 100 a kan kariya. Inda aka aza shi yana da muhimmanci ƙwarai. A ƙaramin babur, tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya kusan santimita 125 ce. Idan tsakiyar buhun ta zarce tsakiyar tayar baya da santimita 25, buhun zai yi aiki kamar wanda ya hau ƙarshen katako: zai ɗage kilo 20 daga tayar gaba ya mayar da shi baya. Tayar baya ta karɓi kilo 120 ke nan daga buhun kilo 100. An sake cinye santimita 3, saura 3 kacal. Idan aka ƙara fasinja, kusan babu sauran wuri. Daga nan duk ramin da aka faɗa, ƙarfe ne zai bugi ƙarfe, dukan kuma ya zarce zuwa firam da gargare da ƙashin bayan mahayi.

Akwai kuma haɗari na biyu a wannan lissafi. Tayar gaba da aka rage wa nauyi ba ta kama ƙasa da kyau, shi ya sa kan babur mai lodi ke rawa a cikin rairayi, birkin gaba kuma ya riƙa zamewa.

Alamomin mutuwar shakazoba

Shakazoba ba ta mutuwa rana ɗaya, a hankali take tafiya har mai babur ya saba da lalacewarta. Ga abubuwan da za a duba.

Mai a jikin bututu, ko baƙin datti mai danƙo da ya taru a wurin, alama ce ta cewa robar ta cinye. A danna bayan babur da ƙarfi a sake: mai lafiya zai taso sau ɗaya ya tsaya, matacce kuwa zai yi ta lilo. Idan ana jin ƙara kamar an buga guduma duk lokacin da aka faɗa rami, ko aka ga sawun taya a ƙarƙashin madigadi, babur yana kaiwa ƙarshen tafiyarsa. Idan tayar baya tana cinyewa tudu da kwari maimakon ta cinye bai-ɗaya, tsalle take yi a kan hanya. Idan babur ya karkata gefe guda yana tsaye, sifirin ɗaya ya gaji ya bar ɗan'uwansa. Haka nan idan fitilar gaba ta koma haska sama da dare, baya ne ya zauna.

Kafin a ɗora wa shakazoba laifi duka, a kafa babur a kan tsayuwar tsakiya, a kama tayar baya a girgiza ta hagu da dama. Idan tana motsi, bushin ɗin da ke mahaɗar ƙarfen lilo da firam ne ya cinye, ko kuma boris ɗin taya. Sabuwar shakazoba ba za ta magance wannan ba. A duba iskar taya da wayoyin gargare ma, domin sukan kawo irin wannan rawa.

Kafin a je kasuwa

Kayan gyaran babur da ake samu a shagunan Kazaure da Babura galibi daga Kano ake sarinsu, yawancinsu kuma ƙirar China da Indiya ne da ke shigowa ta Legas da Nnewi ta Jihar Anambra, wadda ta daɗe da zama cibiyar wannan ciniki. A cikinsu akwai nagari, akwai na banza, kuma sau da yawa fenti ɗaya gare su. Abin da zai kare mai saye shi ne awo.

Na farko, tsawo. A cire tsohuwar a auna daga tsakiyar ramin sama zuwa tsakiyar ramin ƙasa. A ƙananan babura yawanci tsakanin santimita 30 ne zuwa 35. Sabuwar ta zo daidai da wannan, ko da bambancin da bai wuce santimita ɗaya ba. Mutane da yawa suna sayen doguwa da tunanin ta fi ɗaukar kaya. Tsawo ba shi ne ƙarfi ba. Doguwar shakazoba takan ɗaga bayan babur, ta sauya yadda kansa ke juyawa, ta ɓata zaman sarƙa, wani lokaci ma ta sa sarƙar ta riƙa cin ƙarfen lilo. Gajeruwa kuma takan sa taya ta taɓa madigadi.

Na biyu, mahaɗi. Wata ramuka gare ta sama da ƙasa, wata kuma ƙasanta a tsage yake kamar baki. Faɗin ramin ma ya bambanta, galibi milimita 10 ko 12. Idan rami ya fi kusar faɗi, za ta yi ta kaɗawa har ta cinye mazauninta. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da tsohuwar a hannu.

Na uku, ƙarfin sifirin. Sifirin mai kaurin waya ya fi tauri, kuma ɗan ƙarin kauri kaɗan kan ƙara tauri mai yawa. Wanda aikinsa dakon hatsi ne daga Amaryawa ko Korayel zuwa kasuwa yana buƙatar mai tauri. Malamin makaranta da ke zuwa aiki shi kaɗai, idan ya sa irin wannan, zai ji kamar a kan dutse yake zaune, tayarsa kuma za ta riƙa tsalle. Ga wanda ke haɗa biyun, sifirin da zagayensa ya matsu a gefe ɗaya ya buɗe a ɗaya gefen ya fi dacewa, domin yana farawa da laushi ya ƙare da tauri.

Na huɗu, turjiyar mai. Idan an danna shakazoba aka sake, ta dawo a natse. Wadda ta fizgo da sauri tana ƙara, sifirin ne kawai a cikinta. Akwai masu ƙaramin tulu a gefe, inda ake matse iskar naitirojin domin hana mai yin kumfa idan ya yi zafi. Ta gaske tana da amfani a doguwar hanya mai gargada, amma a kasuwa akwai waɗanda tulun nasu ado ne kawai. Ta gasken kuma ba a huda ta, ba a kai ta kusa da wutar walda, domin tana iya fashewa. Wanda zai sayi ta hannu ya duba sandar: idan ta yi tsatsa, ko ta karce, ko ta lanƙwashe, ya bar ta. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Ranar ɗaurawa

Ana sauya su biyu ne tare. Sabuwa a dama da tsohuwa a hagu sukan murɗe ƙarfen lilo, su karkatar da taya. A kafa babur a tsayuwar tsakiya, a cire ɗaya a sa sabuwa kafin a taɓa ɗayar. Kada a ɗaure notuna tamau sai an sauke babur ƙasa mutum ya hau, domin robar da ke cikin ramukan ta zauna a inda za ta yi aiki. Idan aka ɗaure ta babur na rataye, za ta murɗe ta yage da wuri. Kada a shafa wa robar baƙin mai, yana ɓata ta.

A ƙasan yawancin shakazobobi akwai wani zobe mai matakai, galibi biyar. Mutane kan ce yana ƙara tauri, amma ainihin aikinsa shi ne matse sifirin tun kafin a hau, domin babur ya tsaya a sama idan an yi lodi. Yadda ake saita shi kuwa: a auna tsawon shakazoba tayar baya na rataye, a sake aunawa mahayi na zaune da kayan da ya saba ɗauka. Bambancin ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tafiyarta, wato santimita 2 zuwa 3 a ƙaramin babur. Idan ya wuce haka, a ƙara mataki. Idan an kai matakin ƙarshe bai gyaru ba, sifirin ya yi wa aikin laushi. Dole ne zoben dama da na hagu su kasance a mataki ɗaya.

Bayan haka a duba sarƙa mahayi na kai, a bar mata sassauci na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, domin takan ƙara ɗaurewa idan baya ya sauka. A sake saita birkin baya, a daidaita fitila. Idan kuma baya ya samu sababbi, a duba man shakazobar gaba, kada gaba ya riƙa nutsewa baya na tsaye.

Dabarun da ke da haɗari

Akwai masu yi wa babur walda su ƙara shakazoba ta uku da ta huɗu domin lodi. Gaskiya ne bayan ba zai zauna ba, amma firam da kusar taya da wayoyin gargare da birki duk suna nan yadda kamfani ya yi su. Nauyin da sifirin ya daina nunawa bai tafi ko'ina ba, yana kan waɗannan sassa, kuma wurin da aka yi walda a firam shi ne ya fi saurin tsagewa. Akwai masu cusa guntun taya a tsakanin zagayen sifirin, abin da ke rage masa wurin motsi. Akwai kuma masu huda bututu su ɗura man inji su toshe. Idan robar da ta zubar da na farko tana nan, na biyun ma zai bi sawunsa.

Dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce gyara lodi: a matso da kaya gaba gwargwadon iko, a raba nauyi daidai hagu da dama, a ɗaure shi kada ya yi lilo, a rage gudu kafin a isa rami, ba a cikinsa ba. Sawu biyu da buhu ɗai-ɗai sun fi sawu ɗaya da ya ƙare a bakin hanya.

Abin da ake karewa

Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da danganta doguwar girgizar abin hawa da ciwon baya. Ɗan acaɓan da ke wuni a kan matacciyar shakazoba da ƙugunsa yake biyan kuɗin da ya ƙi kashewa. Haka mace mai juna biyu da aka ɗauko daga ƙauye zuwa Babban Asibitin Kazaure, da tsohon da aka goyo zuwa ɗaurin aure, duk dukan hanya a jikinsu yake sauka. Ta fuskar aljihu ma, matacciyar shakazoba tana cin taya, tana tsinka wayoyin gargare, tana gajarta ran sarƙa.

Kulawar kuwa ba ta da wuya. A goge sandar da tsumma mai laushi bayan tafiya cikin ƙura ko taɓo. A duba notuna da alamar mai duk lokacin da za a yi juyen man inji. A sassauta zoben idan an gama jigilar kaka, a matse shi idan ta zagayo. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan bincike shi ne ƙarshen damina, kafin gero da gyaɗa da riɗi su fara fitowa daga gona, domin a watannin nan ne baburan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ke ɗaukar nauyin da ya fi na kowane lokaci a shekara.